Lardin Beira na Ƙasar Fotugal da Yadda Iyakarsa Ta Yi Ta Sauyawa

Darasin sanin ƙasa na wannan wata ya ƙetare teku zuwa Turai. Zai yi bayani a kan wani tsohon lardi na ƙasar Fotugal mai suna Beira. Ana faɗin sunan kamar a ce "Baira". Kalmar lardi ba baƙuwa ba ce ga dattawa. A zamanin Turawa akwai Lardin Kano da Lardin Sakkwato da Lardin Barno da sauransu, kowanne da Razdan ɗinsa. Daga baya aka bar su, aka shiga tsarin jihohi. To, Fotugal ma ta yi nata lardunan, ta yanka su, ta sāke yankawa, daga ƙarshe ta soke su. Beira yana cikin waɗanda wuƙar ta fi taɓawa.

Ina Fotugal take?

Fotugal tana can ƙarshen yammacin Turai. Maƙwabciya ɗaya tak gare ta a tudu, ita ce ƙasar Sifen, wadda ta kewaye ta ta arewa da gabas. Ta yamma da kudu kuwa sai Tekun Atilantika. Ƙaramar ƙasa ce. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 92,000 ne, wato Nijeriya ta ninka ta sau goma. A ƙidayar shekarar 2021 mutanenta miliyan 10 ne da 'yan kai. Babban birninta Lisbon.

Siffar ƙasar kamar allon karatu ce a tsaye. Daga arewa zuwa kudu wajen kilomita 560 ne, daga gabas zuwa yamma kuma ba ta fi kilomita 220 ba. Mai karatu zai iya zana allon a ƙasa da tsinke. Sai ya ja layi ɗaya daga gabas zuwa yamma a can sama. Wannan shi ne kogin Douro, ana faɗinsa "Doru". Sai ya ja wani layin daga tsakiyar gefen gabas, ya karkata shi kudu har ya kai gefen yamma. Wannan shi ne kogin Tejo, ana faɗinsa "Teju", kuma a bakinsa Lisbon take. Duka kogunan biyu daga Sifen suke fitowa. Yawancin ƙasar da ke tsakaninsu ita ce Beira, ban da kusurwar kudu maso yamma, wadda take ta wani lardi ne mai suna Estremadura.

Kafin a ci gaba, ga wata 'yar dabara ta karanta sunayen. A rubutunsu harafin c ba irin na "ciki" ko "cokali" ba ne. In ya zo gaban a ko o ko u, kamar k ake karanta shi. Don haka birnin Coimbra "Kwimbira" ne, Castelo Branco kuma "Kastelu Baranku". Harafin v kuwa babu shi a Hausa, sai a kusantar da shi da b. Viseu ya zama "Bizeu", Aveiro ya zama "Abairu".

Tsaunin Tauraro

Wanda bai san tsaunin da ke tsakiyar Beira ba, ba zai gane labarin lardin ba. Sunansa Serra da Estrela, ma'anarsa Tsaunin Tauraro. Ƙololuwarsa ta kai mita 1,993, kuma babu inda ya fi ta tsawo a duk Fotugal, in ban da wani dutse da ke tsibiranta na cikin teku. Da hunturu ƙanƙara takan rufe kansa fari fat.

A lura da cewa yanayinsu ya saɓa wa na ƙasar Hausa. A can, lokacin sanyi shi ne lokacin ruwa. Lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, shi ne raninsu. Iskar da ke kawo ruwa daga teku take tasowa. In ta iso tsaunin sai ta zubar da yawancin ruwanta a gefen yamma. Kafin ta gangara gabas da kudu ta bushe. Wannan ne ya sa manomin yamma da manomin gabas ba abu ɗaya suke shukawa ba, ko da yake tsakaninsu tafiyar awa biyu ce a mota.

Daga tsaunin nan koguna biyu suke fitowa. Na farko Mondego. Shi ne mafi tsawo cikin kogunan da suka faro kuma suka ƙare a cikin Fotugal. Yakan fara nufar arewa maso gabas kamar zai tafi Sifen, sai ya yi kwana, ya dawo yamma, ya ratsa Coimbra, ya faɗa teku a garin Figueira da Foz. Na biyu Zêzere, shi kuma kudu yake yi har ya haɗu da Tejo.

Tsaunin na makiyaya ne. Tumaki suke kiwo. A da, in sanyi ya shigo sukan koro garkensu su gangara ƙasa, wasu zuwa fadamun Mondego, wasu zuwa filayen kudu. In zafi ya dawo su hau tsauni inda ciyawa take ɗanya. Yanzu masu yin wannan doguwar tafiya sun ragu ƙwarai. Da nonon tumakin ake yin wani cuku mai laushi wanda ya yi suna a duk ƙasar. Abin sha'awa shi ne yadda ake daskarar da nonon. Furen wata ƙaya ake busarwa a jiƙa a zuba, kamar yadda wasu matan Fulani suke yi da tumfafiya. Gashin tumakin kuma shi ya rayar da garin Covilhã, a ce "Kubilya", da ke gindin tsaunin. Tun shekarar 1764 gwamnatin sarki ta kafa babbar masaƙar ulu a garin.

Ƙasa iri uku

Yamma da tsaunin ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya har bakin teku. Ruwa ya wadata. Ana noman masara da wake da kayan lambu, a fadamar Mondego kuma ana noman shinkafa. A Aveiro ruwan teku ya shigo cikin ƙasa ya yi wani babban tafki mai rassa. A nan ake tsane ruwan teku a samu gishiri. A da manoma sukan shiga kwalekwale su kwaso gansakukar tafkin su zuba a gona a madadin taki. Gaɓar tekun rairayi ce, kuma iska tana tura rairayin cikin gonaki. Maganin da aka yi shi ne dasa itatuwa. Dajin da ke kusa da garin Leiria, wanda ake danganta bunƙasarsa ga Sarki Dinis, ya yi shekara ɗari bakwai yana tare rairayi. Wanda ya ga shingen itatuwa da ake dasawa don hana kwararowar hamada ya san wannan dabara.

Arewa da gabashin tsaunin tudu ne mai duwatsu da sanyi. Gonakin ƙanana ne, an kewaye su da shingen dutse. Ana shuka dankalin Turawa da wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi. Akwai kuma wata bishiya mai 'ya'ya masu ɓawo, suna kiranta kastanya, ana gasa 'ya'yan kamar gyaɗa. A kwarurruka masu ɗumi ana noman inabi. Manyan garuruwan nan su ne Viseu da Guarda. Guarda tana bisa tudun da ya haura mita 1,000, kuma ita ce birni mafi tudu a ƙasar.

Kudu da tsaunin, wajen Castelo Branco, ƙasa ce mai zafi da ƙarancin ruwa. Gonakin manya ne, ƙauyukan kuma nesa da juna. Zaitun ne babban arzikinsu, sai tumaki da awaki, sai wata bishiya da ake saɓe ɓawonta a yi marfin kwalba.

Ke nan suna ɗaya ne ya rufe ƙasa iri uku. Duk rigimar iyaka da za a karanta a gaba, daga nan ta samo tushe.

Asalin sunan

A harshensu kalmar beira tana nufin baki ko gefe, kamar bakin kogi ko gefen hanya. Sunan ya dace da wurin, domin an daɗe yana bakin iyaka.

A shekarar 711 Musulmi suka ƙetaro daga Arewacin Afirka, suka ci yawancin ƙasar da take Sifen da Fotugal a yau. Ita ce ƙasar da malamai suke kira Andalus. Sarakunan Kirista suka tsira a can arewa, suka riƙa matsowa kudu sannu a hankali. Ƙasar da ke tsakanin Douro da Mondego ta yi ta sauya hannu. Kirista suka karɓi Coimbra, sai jarumin Andalus Almansur ya ƙwace ta a 987. Sarki Fernando na ƙasar Leyon ya ci Lamego a 1057, ya ci Viseu a 1058, ya ci Coimbra a 1064. Har yau akwai alamun zaman Larabawa a harshen mutanen. Zaitun suna ce masa azeitona, ƙauye kuma aldeia, duka daga Larabci.

Sarkin Fotugal na farko, Afonso Henriques, a Coimbra ya yi fadarsa, kuma a nan kabarinsa yake. Ya ci Lisbon a 1147. Sai wajen shekarar 1255 aka mai da fada can. Ɗansa Sancho shi ya kafa Guarda a 1199. Ma'anar sunan mai gadi, domin an gina ta ne ta tsare hanyar da abokan gaba suke bi daga gabas.

A shekarar 1297 Sarki Dinis ya ƙulla yarjejeniya da sarkin Kastila, wadda yanki ce na Sifen ta yau. Aka bar wa Fotugal garuruwan da ke hayin kogin Côa, irin su Almeida da Sabugal. Iyakar Beira ta gabas ke nan, kuma kusan a nan take har gobe. Shekara ɗari bakwai ke nan da ɗoriya. Tana cikin tsofaffin iyakokin ƙasa da ƙasa a Turai. Iyakar waje ta zauna daram, ta cikin gida ce ta ƙi zama.

Beira ta isa teku

Da farko Beira ba ta taɓa teku ba. Sunan na ƙasar tudu ne kawai, ta wajen tsaunin da iyakar gabas. A ƙarni na 15 an raba Fotugal gida shida, Beira ɗaya daga ciki. Kowane yanki yana da babban alƙalin sarki mai fita rangadi. Yakan duba shari'o'i, ya saurari kukan talakawa, ya tsawata wa masu gari. A lokacin duk bakin teku, tun daga Lisbon har kusa da Douro, na Estremadura ne. Da aka yi ƙidayar gidaje a 1527, Coimbra da Aveiro cikin Estremadura aka lissafa su.

Kafin ƙarni na 17 ya yi nisa taswira ta sauya. Estremadura ta ja da baya zuwa kudu, Coimbra da Aveiro suka dawo cikin Beira. Daga nan lardin ya miƙe tun daga iyakar Sifen har teku. Lardin da ake kira gefe ya zama shi ne cikin ƙasa.

Daga 1580 zuwa 1640 sarkin Sifen ne yake mulkin Fotugal. A 1640 mutanen Fotugal suka naɗa nasu sarki, aka shiga yaƙi har 1668. Saboda yaƙin aka mai da kowane lardi yankin soja, aka naɗa masa shugaban mayaƙa. Beira ta zama ƙofar da ake tsaro. Aka kewaye Almeida da ganuwa mai siffar tauraro, wadda take tsaye har yau. Ta wannan ƙofa sojojin Faransa suka shigo a 1810, zamanin Nafoliyon. Da suka yi wa Almeida ƙawanya, wuta ta kama rumbun albarushi, ya fashe, ya rushe tsakiyar garin, ya kashe ɗaruruwan mutane. Garin ya miƙa wuya.

Wuƙa ta farko

Bayan yaƙin Faransa aka shiga rikicin cikin gida. 'Ya'yan sarki biyu, Pedro da Miguel, suka yi yaƙi a kan sarauta. Miguel yana son sarki ya riƙe iko duka kamar da. Pedro yana son a yi tsarin mulki da majalisa. Tun yaƙi bai ƙare ba, a shekarar 1832, wani ministan Pedro mai suna Mouzinho da Silveira ya rubuta dokar sāke fasalin ƙasa. Tsarin Faransa ya kwaikwaya. Ya yi larduna takwas, kowanne da shugaba guda wanda gwamnati take naɗawa daga sama, kamar dai Razdan.

A wannan doka aka fara tsaga Beira. Aka yi Beira Alta, wato Beira ta Tudu, hedkwata Viseu. Aka yi Beira Baixa, a ce "Baisha", wato Beira ta Gangare, hedkwata Castelo Branco. Yankin Aveiro kuma aka haɗa shi da birnin Porto a wani sabon lardi mai sunan kogin Douro.

Tsarin bai yi ƙarko ba. Jama'a suka yi kukan cewa shugabannin lardunan sun yi ƙarfi da yawa, sun danne majalisun garuruwa. A 1835 aka sauke su, aka kawo wani sabon abu, wato gunduma. Aka yanka ƙasar gunduma 17, daga baya a 1926 aka ƙara ɗaya suka zama 18. Kada a ɗauka irin gundumar hakimi ce. Tasu babba ce, kowacce ta ƙunshi ƙananan hukumomi da yawa, kuma tana da gwamna. Ƙasar Beira ta faɗa cikin gundumomi biyar: Aveiro da Coimbra da Viseu da Guarda da Castelo Branco. Da fari garin Lamego aka ba hedkwatar ɗaya daga ciki. Ba a rufa shekara ba aka ɗauke ta aka kai Viseu.

Wuƙar ba ta tsaya nan ba. A 1836 aka rage ƙananan hukumomin ƙasar daga wajen 800 zuwa 351. Garuruwa da yawa da suka yi ɗaruruwan shekaru da alƙalinsu da majalisarsu suka wayi gari ƙauyuka a ƙarƙashin maƙwabta. A dandalin irin waɗannan garuruwa akan ga wani ginshiƙin dutse a tsaye. A da shi ne alamar cewa gari yana da ikon yanke hukunci da kansa. Ikon ya tafi, dutsen yana nan.

Taswirar malamin jami'a

Shekara ɗari bayan haka lardi ya dawo. Soja sun yi juyin mulki a 1926, kuma daga 1932 mulki ya koma hannun Salazar, wanda ya riƙe ƙasar da ƙarfi har 1968. Shi kansa ɗan Beira ne, daga wani ƙauye a gundumar Viseu, kuma ya koyar a Jami'ar Coimbra. Wannan jami'a tsohuwa ce. An kafa ta a Lisbon a 1290, ta zauna a Coimbra dindindin tun 1537.

A jami'ar akwai wani malamin sanin ƙasa, Amorim Girão. Ra'ayinsa shi ne gundumomin 1835 an zana su ne a ofis, ba a duba ƙasa ba. Ya ce a bi tsauni da kogi da ruwan sama da irin noman da mutane suke yi, a haɗa waɗanda rayuwarsu ta yi kama. Da wannan ma'auni ya raba Fotugal gida 13. Gwamnati ta ɗauki aikinsa ta gyara, a 1936 ta kafa larduna 11.

Beira ta zama uku. Beira Alta da Beira Baixa suka dawo, aka ƙara Beira Litoral, wato Beira ta Bakin Teku, hedkwata Coimbra. Malamin ya so a yi ta huɗu domin tudun Guarda, saboda ƙasar can ta fi ta Viseu sanyi da bushewa. Gwamnati ba ta yarda ba, ta sa Guarda a ƙarƙashin Viseu. Mutanen Guarda ba su ji daɗi ba, suka yi ta ƙorafi.

Gefunan lardin ma an taɓa su. Lamego da garuruwan inabi na bakin Douro, waɗanda suke cikin Beira tun fil azal, aka cire su aka haɗa da lardin da ke hayin kogin. Garuruwan da ke kusa da Porto aka ba lardin Porto. Ta kudu kuma aka yi ƙari. Birnin Leiria ya shigo Beira ta Bakin Teku, haka ma ƙaramar hukumar da garin Fátima yake, garin da sunansa ma daga Larabci yake.

A ilmance taswirar ta yi kyau, kuma ta fi ta 1835 bin yanayin ƙasa. Inda aka yi kuskure shi ne an kawo lardi ba a kau da gunduma ba. Gwamnan gunduma yana nan da ikonsa. Majalisar lardi kuwa ba a ba ta kuɗin kirki ba, aikinta bai wuce kula da gidajen marayu da shirya baje kolin amfanin gona da makamantansu ba. Iyakokin biyu kuma ba su hau kan juna ba. Mutumin Lamego gundumarsa tana Viseu a kudu, lardinsa yana Vila Real a arewa, hayin kogi. Gundumar Leiria an raba ta biyu, rabi yana duban Coimbra, rabi yana duban Lisbon. Gida bai yin maigida biyu. A 1959 aka gyara tsarin mulki, aka karɓe aikin larduna aka mayar wa gundumomi. Shekara 23 kawai suka yi.

Amma a makarantun firamare an ci gaba da rataye taswirar larduna 11, kowanne da launinsa. Yara suka haddace su da kogunansu da tsaunukansu. Waɗannan yara su ne tsofaffin yau. Shi ya sa in aka tambayi dattijo daga ina yake, yakan ce shi ɗan Beira Baixa ne, ko da yake babu ofishin gwamnati mai aikin lardi ko ɗaya.

Ƙuri'ar 1998

A ranar 25 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da gwamnatin da Salazar ya bari. Sabon tsarin mulki na 1976 bai ambaci lardi ba. Ya yi alkawarin za a kafa manyan yankuna masu zaɓaɓɓun majalisu, su maye gurbin gundumomi. Aka yi shekara 22 ana muhawara. A ranar 8 ga Nuwamba 1998 aka kai maganar gaban jama'a a ƙuri'ar raba gardama. Taswirar da aka nuna musu tana da yankuna takwas. A cikinta Beira biyu ce, ta bakin teku da ta cikin ƙasa. Viseu, wadda a 1936 take hedkwatar Beira ta Tudu, wannan karon cikin ta bakin teku aka sa ta.

Masu goyon baya suka ce komai sai an je Lisbon, gara a kawo iko kusa da jama'a. Masu adawa suka ce ƙasar ƙarama ce, sabbin majalisu za su ci kuɗi ne kawai, kuma garuruwa za su yi ta faɗa a kan hedkwata. Waɗanda suka fito zaɓe ba su kai rabin masu rajista ba. A cikinsu fiye da kashi 60 cikin ɗari suka ce ba su yarda ba. Maganar ta kwanta.

A 2011 aka daina naɗa gwamnonin gunduma, ko da yake da gunduma ake zaɓen 'yan majalisar ƙasa. Fotugal ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai a 1986, kuma domin rabon kuɗin raya ƙasa an sa yawancin tsohuwar Beira cikin wani yanki da ake kira Centro, wato Tsakiya, ofishinsa a Coimbra. Ƙananan hukumomi maƙwabtan juna kuma sun haɗu ƙungiya-ƙungiya don yin ayyuka tare. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin sunanta Beira Baixa.

Iyakar da ba a zana ba

Duk wannan yanke-yanke bai magance babbar damuwar Beira ba. Bakin teku yana cika, cikin ƙasa yana zama kango. Masana'antu da manyan asibitoci da tashoshin jiragen ruwa suna yamma. Tun shekarun 1960 samarin tudu suka riƙa ficewa, wasu zuwa Lisbon, da yawa zuwa Faransa neman aikin gini da na masana'anta. Wasu a ɓoye suka tsallaka iyaka, da ƙafa, cikin dare. A 1950 mutanen gundumar Guarda sun haura 300,000. A ƙidayar 2021 ba su kai 150,000 ba. Akwai ƙauyukan da tsofaffi kaɗai suka rage, an rufe makaranta don babu yara.

Manomi ya san abin da ke faruwa ga gonar da aka bari. Ciyawa da sarƙaƙiya sukan cinye ta. A da awaki da tumaki suna cinye ciyawar, mata suna kwashe itacen girki. Da mutane suka tafi, aka cika tuddai da bishiyar turare da wasu itatuwan katako masu saurin kama wuta, babu mai share ƙarƙashinsu. A watan Yuni 2017 gobarar daji ta tashi a yankin Pedrógão Grande, kusa da kogin Zêzere, ta kashe mutum 66. Da yawa a cikin motocinsu wuta ta riske su suna gudu. A watan Oktoba na shekarar wata gobarar ta kashe wajen mutum 50, yawancinsu a gundumomin Coimbra da Viseu, ta kuma cinye mafi yawan dajin nan na Leiria mai tare rairayi. A 2022 wuta ta hau Tsaunin Tauraro kansa, ta ƙone fiye da hekta 20,000. Tun bayan 2017 hukuma ta tsananta dokar da ta wajabta wa mai fili ya share kewayen gidaje da gefen hanya kafin zafi ya shigo. Sai dai mai filin sau da yawa tsoho ne, ko kuma yana Faransa.

Inda sunan ya kai

Sunan Beira yana nan manne da garuruwa irin su Celorico da Beira da Aguiar da Beira da Moimenta da Beira. Kalmar "da" ta tsakiya a harshensu tana nufin "ta", wato Celorico ta Beira. Jami'ar da aka kafa a Covilhã a 1986 ma Jami'ar Beira ta Cikin Ƙasa ake kiranta.

Sunan ya iso har Afirka, ta wata hanya ta daban. A gidan sarautar Fotugal akwai sarautar Yariman Beira, wadda tun 1734 ake ba babban ɗan mai jiran gado. A 1887 aka haifi wani yarima mai suna Luís Filipe, aka ba shi wannan sarauta. A shekarar ce Turawan Fotugal suka kafa wani sansani a bakin teku a ƙasar Mozambik, wadda suke yi wa mulkin mallaka. Garin da ya tsiro a wurin shi aka sa wa suna Beira domin girmama yariman, wanda ya ziyarci wurin da kansa a 1907. A ranar 1 ga Fabrairu 1908 aka harbe shi tare da mahaifinsa Sarki Carlos a kan titi a Lisbon, kuma a 1910 aka soke sarautar Fotugal baki ɗaya. Mozambik ta sami 'yancin kai a 1975, ta sauya sunayen garuruwa da dama, har da babban birninta da ya koma Maputo. Beira ba a taɓa sunanta ba. Tana cikin manyan biranen ƙasar, kuma ta tasharta ta jiragen ruwa ake shigar da kaya zuwa Zimbabuwe da Malawi da Zambiya.